Ƙaddara Ce, Amma Wa Ya Haƙa Ramin?

'Yan uwana mata, ina roƙon ku ara mini hankalinku a wannan fitowar, domin maganar da na zo da ita yau ta sha bamban da hirar lalle da girki da wasiƙun samari da muka saba, duk da cewa in kun daure kun bi ni har ƙarshe za ku ga ita ma soyayyar ta leƙo a ciki. Magana ce ta haƙƙi, da yadda 'ya mace za ta bi abinta a wurin hukuma ba tare da ta zubar da mutuncinta ko na gidansu ba.

Mu 'ya'yan Hausawa mata tun muna goye ake shayar da mu haƙuri. In ƙawa ta ci amanarki, haƙuri. In mai awo ya tauye miki mudu, haƙuri. Ni ma ba na ƙin haƙurin nan, ai shi ne maganin zaman duniya. Sai dai akwai wurin da haƙurinmu yake zama katifar da mai sakaci zai miƙe ƙafa a kai ya yi ta barcinsa. Balle a ce abin ya haɗa da hukuma, nan take za ki ji an ce, "Wa ya isa ya ja da gwamnati? A bar wa Allah kawai." To ni dai na ja, da takarda da biro da ladabi, kuma abin da na gani a hanya shi nake so in zayyana muku, ko Allah zai sa wata ta amfana.

Ni malamar firamare ce, 'yan aji huɗu nake koyarwa, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Babanmu ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa da rahama, ya bar mu da Inna da ƙannena huɗu da wata tsohuwar Toyota Corolla mai ruwan toka. Shi da kansa ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon bayan unguwarmu, mutane na ta surutu wai ya ɗora 'ya mace a kan sitiyari, shi kuwa ko a jikinsa. Da aka zo rabon gado sai muka haɗa kai muka ce kar a sayar da motar. Da ita nake kwasar yaran maƙwabta bakwai in kai su makaranta da safe in dawo da su, iyayensu na biya duk ƙarshen wata. Kuɗin nan su ne masarar gidanmu, su ne maganin hawan jinin Inna. Kin ga ke nan in wani ya kalle ta ya ga tsohon ƙarfe, mu a wurinmu ita ce gonar.

A shekarar 2023 aka sa ranar aurena, watan Disamba. Shekara biyu cur ina zuba adashe don kayan ɗaki, tunda babu uban da zai yi mini, kuma ban so Inna ta sayar da 'yan awakinta. Kuɗin suna ajiye a banki ina ƙirga kwanaki. Shirinmu shi ne in na tare, ƙanina mai bi mini zai karɓi makullin ya ci gaba da jigilar yaran.

Ana nan, wata Talata da dare a tsakiyar watan Agusta, muka taso daga gidan Goggo, ni da Inna da autanmu na maza wanda yake aji biyu na babbar sakandare. An ɗauke ruwa ba da jimawa ba, babu wuta, garin duhu ƙirin. Na biyo wani titi na cikin unguwa a giya ta biyu, ina lallaɓawa saboda kududdufai. Ashe kwana huɗu kafin nan ma'aikata sun zo sun yanke titin daga gefe zuwa gefe za su sa kwalbati, suka kwashe kayansu suka tafi. Babu duro, babu igiya, babu jan ƙyalle, ko reshen itacen nan da akan yafa a hanya babu. Ruwa ya cika ramin ya shafe shi, duk wanda ya hango zai ɗauka ɗaya ne daga cikin kududdufan. Ke dai bari 'yar uwa! Sai ji na yi gaban mota ya nutse, ƙara ta tashi kamar an fasa tulu. Inna ta bugi goshi tana salati, leɓen autanmu ya fashe, ni kuwa sitiyari ya doke ni a ƙirji. Alhamdu lillahi abin ya tsaya iya nan.

Jama'a suka taru aka fito da Inna. Wani mai shayi da ke gefen hanya ya ce, "Wallahi Hajiya ku ne na uku tun shekaranjiya. Jiya ma wani mai babur ya karye a hannu a nan." Da na tabbatar Inna tana tsaye da ƙafarta, sai na ce wa autanmu ya ɗauki hoto da wayarsa kafin a taɓa motar. Ya ɗauki gabanta a cikin ramin, ya ɗauki titin ta hagu da dama don a ga babu wata alama, ya sami sanda ya zura a ruwan, zurfin ya kai masa cinya, shi ma aka ɗauka. Na karɓi lambar mai shayin da ta wani mai faci, na roƙe su in an neme su za su faɗi abin da suka gani. Sannan aka kira janwe. A daren muka kai Inna asibiti aka duba ta aka ba mu kati, washegari kuma na je ofishin 'yan sanda aka rubuta rahoto.

Bakanike ya kwanta ƙarƙashin motar ya fito yana girgiza kai. Tayoyin gaba biyu sun fashe, ƙarafan da suke ɗaure a kai sun lanƙwashe, shoka ta tafi, tayarod ya karye, tukunyar baƙin mai ta tsage, lagireto ya huje, bamba kuwa sai dai a tsince ta. Kun san a watan Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, kayan gyara duk sun yi tashin gwauron zabo. Ya yi lissafi ya ce N340,000. Kuɗin nan sun haura albashina na wata biyar, kuma kusan su ne duk abin da na tara na kayan ɗaki.

Wata za ta ce, yo ba ki da inshora ne? Ina da ita, amma irin wadda yawancinmu muke yanka ce, wadda doka ta wajabta wa kowace mota. Tun daga Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara ga motar gida. Amfaninta shi ne in ke kika yi wa wani ɓarna, kamfanin zai biya shi. Motarki kuwa ba ruwansu da ita, sai in babbar inshorar nan kika yanka mai ɗaukar komai, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin irinmu. Duk wadda gidansu ke da mota ta tambayi Baba ko Yaya wace iri suka yanka, za ki sha mamakin yadda da yawa ba su san bambancin ba.

Da na furta a gida cewa zan nemi diyya wurin ƙaramar hukuma, sai ka ce na ce zan tafi yawon duniya. Goggo ta tafa hannu ta ce, "Ke 'yar nan ki rufa mana asiri! Ƙaddara ce ta same ki, ki gode wa Allah da ya bar ku da rai. Aure saura wata huɗu ki tsiri zaryar ofis cikin maza? Me dangin miji za su ce?" Inna dai ba ta ce komai ba, sai hawaye. Kawu ne, ƙanin Inna, wanda ya yi aikin akawun kotu har ya yi ritaya, ya gyara zama ya ce, "Yaya, babu mai musun ƙaddara. Amma in ƙaddara tana hana biyan ɓarna, da shari'a ba ta san wani abu wai shi diyya ba. Ramin nan ai ba daga sama ya faɗo ba, mutum ne ya haƙa shi ya tafi gida ya kwanta. Ku bar yarinya ta bi haƙƙin marayu."

Maganar Goggo kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Kwana biyu sai ga mutumin nawa ya zo zance, fuskarsa ba kamar kullum ba. Muna zaune a soro ya daɗe yana juya makullin babur a hannu, can ya ce, "Hajiya ta ji labari, kuma hankalinta bai kwanta ba. Cewa take macen da ta saba da kai ƙara tun a waje, in ta shigo gida wa zai iya da ita?" Gabana ya faɗi, amma na dake na ce, "Ni ba rigima nake nema ba. In na zuba kuɗin kayan ɗakina a gareji, da me zan shigo gidanka? In kuma na bar motar a yashe, me su Inna za su ci bayan na tafi? Ka zaɓar mini ɗaya in ji." Ya yi shiru har na ɗauka shi ke nan, magana ta lalace. Sai ya ɗago ya ce, "Hajiya ki bar ni da ita. Duk ranar da za ki sakatariya ki faɗa mini, ni zan kai ki in jira ki a bakin ƙofa, in ya so mai magana ya yi da ni." Wallahi a duk kalaman da ya taɓa rubuto mini, babu wadda ta kai wannan daɗi a kunnena.

Kawu ya ce kar in taka ko'ina sai na ga lauya. Allah ya taimake ni yayar wata ƙawata lauya ce, Anti muke ce mata. Ta zaunar da ni a falonta ta ce abu uku za ta tambaye ni, kuma su ukun nan nake so kowace mai karatu ta haddace kamar karatun allo.

Na farko, titin na waye? Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne. Akwai na gwamnatin tarayya, manyan da suka haɗa jiha da jiha irin ta Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna, waɗanda aka kafa hukumar FERMA a 2002 don kula da gyaransu. Akwai na jiha, sannan akwai na ƙaramar hukuma, wato yawancin titunan cikin unguwa da na ƙauyuka. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya da kula da su a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, gwargwadon yadda majalisar dokokin jiha ta tsara. Sai dai a manyan birane sau da yawa jiha ce take riƙe da titin da kike zaton na ƙaramar hukuma ne. In kika kai kukanki ƙofar da ba ita ba, za a bar ki ki yi ta zarya har lokaci ya ƙure sannan a ce miki ba nan ba ne.

Na biyu, yaya aka yi ramin ya samu? Anti ta ce a tsohuwar dokar Ingila da muka gada, an bambanta ramin da ya ɓurma da kansa saboda ruwa da tsufan kwalta, da ramin da ma'aikata suka haƙa da hannunsu suka bari babu kariya. Na farkon, hukuma takan kare kanta da cewa ita ba ta aikata komai ba, gyara ne kawai ba ta kai ga yi ba, kuma samun diyya a kansa akwai wuya. Su Turawan Ingila sun soke wannan kariyar da wata doka ta 1961, shi ya sa a can mutum kan nemi diyyar taya ɗaya a wurin hukumar garinsu. Na biyun kuwa sakaci ne ƙarara, domin duk wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a wajibinsa ne ya sa alamar da za a gani dare da rana. Ta kalli hotunan autanmu ta ce, "Naki irin na biyun ne. Yaron nan ya gama miki rabin aiki."

Na uku, yaushe abin ya faru? Nan ne ta tsorata ni. Akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati wadda ta ce duk mai son kai ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, to ya shigar cikin wata uku. A 1998 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Kaduna, ta ce kariyar nan ta haɗa har da hukumomi su kansu. Jihohi sun ɗan bambanta a wa'adin, amma ta ce in sa wata uku a raina. Ban da wannan, dokokin ƙananan hukumomi a jihohi da dama sun ce sai an ba su sanarwa a rubuce, galibi ta wata guda, kafin a kai su kotu. Abin da ya fi komai haɗari kuma, zaman sulhu da "dawo gobe" ba sa tsayar da ƙirgen kwanakin nan. Kina can kina jiran alƙawari, wa'adi yana tafiya abinsa.

A ranar na zauna na rubuta abin da ya faru da Hausa, Anti ta mayar da shi Turanci. Takardar ba ta wuce shafi ɗaya da rabi ba. Mun sa rana da lokaci da sunan titin, da yadda ramin yake, da ɓarnar da aka yi ɗaya bayan ɗaya da kuɗin kowace, da jimillar abin da nake nema. A ƙarshe muka ce wannan ita ce sanarwa, in wata guda ya cika ba a ji komai ba za mu garzaya kotu. Babu zagi a ciki, babu "Allah ya isa". Muka liƙa hotuna, da rahoton 'yan sanda, da katin asibitin Inna, da lissafin bakanike mai ɗauke da sa hannunsa. Mai unguwar wurin, Allah ya saka masa da alheri, ya ba mu takarda cewa ma'aikatan sashen ayyuka ne suka zo da motarsu suka yi haƙan, kuma shi da kansa ya aika a faɗa musu su sa alama tun kafin mu faɗa.

Kwana tara da faruwar abin na kai takardar sakatariya, da sunan ciyaman, kwafi ɗaya kuma ga shugaban sashen ayyuka. Anti ta ja mini kunne cewa in tafi da kwafi biyu, kar in baro wurin sai an buga wa nawa hatimi an sa kwanan wata da sa hannu. Akawun ya ce, "Malama ajiye kawai, za a duba." Na ce, "Yallaɓai a taimaka a buga mini, aike ne, za a tambaye ni shaida." Ya dube ni ya dubi takardar, ya jawo hatimin ya buga. Ba a yi mako guda ba sai ga durarruka huɗu da jan ƙyalle a bakin ramin, kafin ƙarshen Satumba kuwa an gama kwalbatin an rufe. Ko a nan aka tsaya, na san takardar ta tsare ƙafar wani.

Da aka kusa komawa makaranta dole ta sa na cire kuɗin kayan ɗakin aka gyara motar, don in yaran nan suka koma hannun wani mai jigila ba za su dawo ba. Kowane abu aka saya sai na karɓi rasit, tsofaffin ƙarafan da aka cire kuma na zuba su a buhu na tura ƙarƙashin gadon Inna. Ranar da na ga abin da ya rage a asusuna, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na sha kukana.

Daga nan aka shiga zarya. Sau goma sha ɗaya na je sakatariyar nan, in na tashi daga makaranta mutumin nawa ya ɗauke ni a babur. Yau a ce ciyaman ya tafi taro, gobe a ce ma'aji ba ya nan. Ran nan aka ce mini fayil ɗin ma ba a gan shi ba, anya na kawo kuwa? Na buɗe jaka na fito da kwafina mai hatimi, sai ga fayil ya fito daga ƙasan durowa. Wata rana kuma aka ce ai ɗan kwangila ne ya yi aikin, in je in neme shi. Na nuna takardar mai unguwa, na kuma faɗi abin da Anti ta koya mini, cewa in ma ɗan kwangila ne, sai mu haɗa su duka biyun a ƙara kotu ta raba musu. Akwai wanda ya ja ni gefe ya ce in an ɗan ga na goro fayil zai yi ƙafa. Na ce, "Ranka ya daɗe, da ina da na goro ai da ba ka gan ni a nan ba." Duk wanda na tarar sai na gaishe shi da girmamawa, ban taɓa ɗaga murya ba, kuma duk zuwan da na yi ina rubuta kwanan wata da abin da aka ce mini a bayan littafin darasina.

Da wata guda ya wuce babu amsa, Anti ta sa na kai kwafin komai ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, na kuma sanar da sakatariya a rubuce cewa na kai. Da yawanmu ba mu san da hukumar nan ba, alhali tun 1975 aka kafa ta zamanin Janar Murtala Muhammed, kuma marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya shugabance ta a farkon kafuwarta. Tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo, aikinta binciken koken talaka a kan hukumomi. Ba kotu ba ce, bincike take yi ta ba da shawara, ba ta karɓar maganar da ke gaban alƙali, kuma ana so a kai kuka cikin wata goma sha biyu. A gefe guda kuma Anti ta shirya takardun kotu ta ajiye, ta ce ranar ɗaya ga Nuwamba za ta shigar, kowa ya so ya ƙi.

A tsakiyar Oktoba aka kira ni zama. Na tafi da Kawu da Anti da buhun ƙarafana. Suka ce hukuma ta tausaya, za a ba ni N100,000 a matsayin tallafi. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, tallafi ai na mai roƙo ne. Yarinyar nan rasit ta kawo." Autanmu ya zazzage buhun a tsakar ofis, ga karyayyen tayarod, ga tsagaggiyar tukunyar mai. Aka yi ta ja-in-ja, aka ɗage zama, aka sake zama, daga ƙarshe suka tsaya a N250,000.

A daren ban runtsa ba. Zuciya ɗaya tana cewa haƙƙina N340,000 ne, kar in bar ko sisi. Anti kuwa ta faɗa mini gaskiya tsakani da Allah, cewa shari'a tana iya cin shekaru, akwai kuɗin shigar da ƙara da na zirga-zirga, kuma ko an yi nasara karɓo kuɗi daga asusun hukuma wani sabon aiki ne. Ta ce zaɓi nawa ne, duk wanda na ɗauka tana bayana. Na auna Disamba da ke tafe, na auna Inna, na karɓa. Kafin in sa hannu a takardar rufe magana sai da Anti ta karanta ta layi-layi, ta kuma sa aka rubuta ranar da kuɗin za su shiga. Suka shigo saura kwana uku Oktoba ta ƙare.

Cikon N90,000 ɗin nan a kayan ɗakina ya fita. Na haƙura da durowar jeren kwanuka, na sayi kujeru masu sauƙin kuɗi, kuma babu wanda ya mutu. Hajiyar da ake tsoro kuwa, ranar da aka kai ni ta kama hannuna a gaban ƙawayenta ta ce, "Wannan dai na san ba za a cuci ɗana tana zaune ba." Goggo ce ta fi kowa guɗa.

Amma kar in yi muku daɗin baki, ba kowa ne yake samu ba. Mai babur ɗin nan da ya riga mu faɗawa, wurin mai ɗori aka kai shi, babu hoto, babu katin asibiti, babu rahoton 'yan sanda. Sai bayan wata huɗu da ya ji labarina ya zo gidanmu da hannunsa a karkace yana tambayar yadda ake yi. Lokacin an rufe ramin, wa'adi ya wuce, haka bawan Allah ya tafi yana share ƙwalla, ga 'ya'ya biyar a gida. Ɓarnarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba, abin da ya raba mu takarda ce kawai da sanin lokaci. Rashin sani ya fi dare duhu.

Don haka 'yar uwa, ko ba ki da mota, Babanki ko Yayanki ko wanda za ki aura yana da babur ko adaidaita, kuma ramukan nan ba sa tambayar sunan kowa. In Allah ya kawo tsautsayi, a fara da ceton rai a kai mai rauni asibiti, in a babbar hanya ne a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Daga nan ki zama ke ce mai tuna wa mutane hoto kafin a ja abin hawa, da lambar shaidu, da rahoton 'yan sanda, da rasit na kowane abu komai ƙanƙantarsa. A gano mai titin, a ga lauya tun a makon farko, a rubuta takarda a karɓi hatimi, a kuma riƙa ƙirga kwanaki. Kuɗin da ake gyara titi da su namu ne. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, kowace tana da kasonta daga asusun tarayya, har ma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kason nasu kai tsaye. Wadda ta nemi a biya ta ɓarnar da sakacin ma'aikaci ya jawo mata ba ta yi rashin kunya ba.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ranar da malamin Turanci ko na Hausa ya shigo zai koyar da rubuta wasiƙar ofis, dan Allah a ajiye hira a buɗe kunne. Adireshi a ina ake sa shi, kwanan wata a ina, yaya ake faɗin buƙata a taƙaice cikin ladabi, duk ku riƙe su da kyau, wata rana gidanku gaba ɗaya zai dogara da shafi ɗayan nan. Allah ya tsare mu da iyayenmu a kan hanya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba 'yan matanmu mazaje masu tsaya musu. Sai mun sake haɗuwa a wata fitowar, in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, 'yar uwarku malamar aji huɗu.